Daga Taman Melati Zuwa Cheras Neman Sulhu

Taman Melati, 6:20 na safe

Ina idar da sallar asuba na fito. Shekara uku muna ɗaki ɗaya da Zainab, duk Juma'a muna kallon wani wasan kwaikwayo na Japan a kan 'yan mata huɗu da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Sai aikin kammala karatunmu ya haɗa mu faɗa: na ce wa malaminmu a gabanta ni kaɗai na sha wahalarsa. Ta kwashe kayanta ta koma gidan yayarta a Cheras. Wata biyu ba ma ga maciji. Jiya sai ga saƙonta: "Kashin ƙarshe ya fito. Ban kalla ba." Ni kuwa jibi zan koma Kano.

Na tsaya shagon mamak, wato mai shayi da gurasar roti, na bakin tasha.

"Roti ɗaya, kamar kullum?" in ji mai shagon.

"Biyu yau. Tapau, ƙunshe min zan tafi da su."

Pasar Seni, 7:00

Minti ashirin da biyar a tsaye cikin jirgin ƙasa na LRT, ma'aikata sun cika shi maƙil. A nan na sauya zuwa layin jirgin MRT. Jirgi biyu suka wuce ina kallonsu, ina jin nauyin haɗuwa da ita. Na uku na yi bismillah na shiga.

Cheras, 7:50

Daga tasha bas ta sauke ni ƙofar gidan, na hau bene na sha huɗu. Yaya Hauwa ce ta buɗe.

"Sai yau, Maryam? Shigo. Tun asuba Zainab take sharar ɗakin da ba datti."

Muka gaisa da Zainab sama-sama, ta kunna kashin ƙarshen wasan. Can tsakiya, ɗaya daga cikin 'yan matan ta rubuta wa ƙawarta wasiƙar ban-haƙuri, ta kasa miƙawa. Zainab ta tsayar da hoton.

"Ke ma wasiƙa kika rubuto?"

"Da bakina na zo. Zee, rabin aikin nan naki ne, kuma na koma na faɗa wa malam. Ki yafe min."

Ta ce da salon mutanen garin: "Ya fi rabi, lah."

Dariya ta ƙwace mana, sai kuka. A wasan, 'yan matan suka rabu a tashar jirgi, kowace da garinta. Mu kuwa muka cinye rotin da ya riga ya huce.

Taman Melati, 5:30 na yamma

Tare muka dawo. Ita za ta zauna yin digiri na biyu, amma ta rantse ba mai haɗa min kaya sai ita. Ga ta nan ta haye kan akwatina tana dannawa, ina jan zif, tana yi min faɗan yawan tarkace. Alhamdu lillahi. Yaya Hauwa, Allah ya saka da alheri.