Ƙanen abokina a hannun 'yan banga

Shekarun baya, lokacin da nake aikin gadi a Lusail ta ƙasar Qatar, mu shida ne a ɗaki ɗaya a Bin Omran. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mukan kalli fim ɗin kaboyi, ni ke fassara musu, tunda na taɓa karanta labarai a rediyo kafin in ƙare a bakin ƙofar otal. Ɗan jarida suke ce mini, ba kuma don girmamawa ba.

Wata Juma'a muka kalli na wani ɓarawon doki a yammacin Amurka, zamanin da alƙali kan yi makonni a hanya kafin ya iso gari. Jama'a suka taru da igiya, ɗan sandan garin ya tare ƙofar kurkuku ya ce sai an yi shari'a. Alƙali ya zo, aka saurari shaidu, aka rataye ɓarawon.

Wani ɗan Zangon Kumasi da ke cikinmu ya ce, "To khalas, shi ke nan! Wahalar me ɗan sandan ya sha? Igiyar dai ita ce."

Kowa ya yi dariya ban da abokina direba, wanda tun safe wayarsa ke hannunsa. Ya ja ni waje.

"Ɗan jarida, 'yan bangar garinmu sun kama ƙanena da shanun mutane. Yana ɗaure a gidan shugabansu. Sun ce bayan la'asar za su fita da shi daji. Ni in na kira, kuka ke cin ƙarfina. Kai ka yi masa magana."

Na tambaye shi ko yaron ya aikata. Ya ce ya aikata.

A can gida ko azahar ba ta yi ba. Na kira shugaban, na gaishe shi da aiki, na jajanta wa masu shanu, duk da muryar da nake karanta labaran duniya. Ban ce daga gidan rediyo nake ba. Na ce daga Doha nake kira, ina son sanin ofishin 'yan sandan da za a kai yaron.

Ya ce, "Malam, har can maganar ta kai?"

"Ta kai, ranka ya daɗe."

"Ana ɗaukar muryata ne?"

"A'a. Ni dai ke sauraro."

Kafin magariba aka miƙa yaron ga 'yan sanda. Kotu ta ɗaure shi, ya yi zamansa ya fito, yanzu faci yake yi a tasha. Ban san ko kiran nawa ne ya yi aiki ba, don daga baya na ji limamin garin ma ya je da kansa.

Har yau ba ni da tsayayyen ra'ayi kan hukuncin kisa. Abin da na riƙe shi ne, abokina bai taɓa roƙon a saki ƙanensa ba. Ya ce ko kisa alƙali ya yanke, zai iya gaya wa mahaifiyarsu. Abin da ba zai iya ba shi ne ta tambaye shi ina kabarin yake, ya rasa amsa.