Haramin da Maigidana Bai Ɗaura Ba

Tausayi ne ya tsayar da maigidana a gida ranar Arfa, ko kuwa tsoron da aka raine shi a ciki? Idona ya dushe, haƙorana sun zube, har yau ban sani ba, kuma duk sanda na tuna sai na yi kuka.

Yana yaro aka zo da shi Makka. Wani da ya ce shi kawunsa ne ya kawo shi hajji, ya bar shi a gidan wani attajiri, ya koma. Sai da ya yi wayo ya gane sayar da shi aka yi. Ni kuwa da ƙafa muka zo ta Sudan, ni da mahaifina. Ina toya waina a unguwar Mansur ya gan ni, ubangidansa ya yarda, aka ɗaura mana aure.

Aikinsa ruwa ne. Garwa biyu a sanda, daga bazan, inda unguwa ke ɗiba, zuwa bene na huɗu, tun bayan asuba har la'asar. Kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Ba ya zama in mutanen gidan suna tsaye. Kowace shekara yakan bi su Arfa cikin harami, yana shayar da su da baƙinsu.

Wata rana ya dawo daga karatu jiki a sanyaye. Malaminsu ya ce hajjin bawa yana da lada, amma bai sauke farali ba, in an 'yanta shi sai ya sake.

Ya ce da ni, "To duk tsayuwar da na yi fa?"

Na ce, "Ai garwa ka tsaya wa, Malam."

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a rai.

Shekarar da hukuma ta 'yanta bayi, yana karɓo takardarsa ya wuce kasuwa ya sayo sabon harami. Ya ce wancan na da, ubangidansa ne ya saya, wannan kuwa nasa ne. Ruwan bai daina kai musu ba, sai dai yanzu ana biyansa.

Da hajji ya zo, mutanen gidan suka shirya, ban da uwar attajirin, wadda ake ce wa Sitti. Ƙafafunta sun mutu, mai aiki ɗaya aka bar mata. Ita ce ta riƙa dukansa yana yaro, ita ce kuma ta yi jinyarsa da ya yi agana. Ba wanda ya umarce shi. Attajirin dai ya ce a gabansa, "Masu ruwa duk sun tafi Mina, wa zai hau wa Sitti da ruwa?" Shi ke nan. Ya dawo ya naɗe haramin ya sa a akwati.

Na ce, "Malam, takardar taka ta ado ce?"

Ya ce, "Kwana biyar cikin zafin nan, Hajiya. Baɗi na nan."

"Wa ya ba ka baɗin?"

Ya saɓa sandarsa. Ni kuma na yi fushi na bi maƙwabta Arfa, ko sallama ban yi masa ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa ni kuka.

Tari ya kama shi a Shawwal na shekarar da ta biyo. Kafin alhazai su cika gari ya kwanta. Daga baya na yi masa hajjin, malamai sun ce ya isar, na kuma yarda da su. Amma shi da ƙafarsa ya so.

Ranar da zai cika, da hantsi, na ciro haramin na ɗora masa a ƙirji. Ya shafa shi, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya dube ni ya ce, "Mayar da shi, kada ya yi ƙura. Ki aika a duba ko an kai wa Sitti ruwa."