Ranar da Yarana Suka Gine Ni a Cikin Ɗaki

An taɓa gine ni a cikin ɗaki, da raina, da rana tsaka, kuma mutanen da nake shugabanta ne suka yi. Ko zan manta komai na duniya, wannan kam yana nan.

A shekarun casa'in ne, lokacin da ma'aikata suka kwararo Abuja, haya ta gagare su, suka cika Suleja. Wani ma'aikaci ya ba ni ginin gidansa a Kwamba. Shi ne aiki na farko da na riƙe a matsayin shugaba, da birkiloli biyu da leburori. Mai gidan da yake haya ya ba shi notis, ƙarshen wata zai fitar masa da kaya. In ban gama ba, iyalinsa na titi, ni kuma ba mai sake ba ni ko ginin kaji.

Tsarinmu mai sauƙi ne. Duk Asabar ya zo mu zagaya, mu yanke aikin mako. Sauran kwanaki yana ofis. To, a sauran kwanakin ne ake kashe ni. Yayansa, wani dattijo daga Gawu Babangida, yakan zo ya nuna bango da sanda. Uwargidansa ma takan zo. Kowa ya kama birkilan da ya fi kusa da shi ya ba shi umarni. Taga ɗaya sai da ta yi ƙaura sau uku. Ni ba mai magana ba ne, in an faɗa mini sai in ce to. A lokacin ina ɗaukar hakan ladabi ne. Wauta ce.

Wata Laraba zazzaɓi ya kama ni. Na sha magani bayan azahar, na shiga ɗakin baƙi, na kwanta bayan buhunan siminti. Ɗakin an rufa shi, an sa silin, taga da ƙarfe. Ina barci dattijon ya iso. Ya ce ƙofar ɗakin baƙi ba za ta kalli tsakar gida ba, inda mata suke. A toshe ta yanzu, a fasa wata ta waje. Birkila na farko ya leƙa bai ga kowa ba, ya hau jera bulo, ya aika wa na biyu ya fasa bangon waje. Shi kuwa na biyu, tun safe uwargida ta ce a jikin wannan bangon take son ɗan kantin sayar da lemo, kada ya taɓa shi. Har ya jera layi uku na bulon kantin. Kowa ya yi biyayya.

Na farka bayan la'asar, na nemi ƙofa, na zagaya ɗakin sau biyu. Na ɗauka zazzaɓin ne. Sai na leƙa ta taga na ga birkila na farko yana wanke cokalinsa na gini.

"Kai, ina ƙofa?"

Cokalin ya faɗi. "Innalillahi! Oga, ta ina ka shiga?"

"Ta inda ka toshe."

"Wallahi Baba ne ya ce. Amma Oga, don Allah kar ka tura, ka ga yadda layin ya miƙe kuwa?"

Simintin ɗanye ne, da kafaɗa ɗaya zan zubar da shi. Har na ja da baya, sai na fasa. Na ce ba mai taɓa bulo ɗaya, kuma ba zan fito ba sai mai gida ya zo ya gani da idonsa. Na yi taimama da bango na yi la'asar. Leburori suka miƙo mini rogo da ƙuli ta taga. Kafin motar ma'aikata ta dawo daga Abuja, rabin unguwa na tsaye suna kallona. Wata tsohuwa ta tambaya me na sata.

Mai gida ya iso da jakarsa a hannu, yayansa da matarsa a bayansa.

"Malam, me kake yi a ciki?"

"Yallaɓai, ina bin umarni. Baba ya ce a toshe nan. Hajiya ta ce kar a fasa can. Ka ga ɗakin baƙinka."

Dattijon ya ce, "Ni ban ce a haɗa da mutum ba."

Mai gida ya yi dariya har ya zauna a kan bulo. Da na ce masa saura kwana goma sha ɗaya, kuma ba masai ba ƙofofi, dariyar ta tsaya.

Ta tagar na kafa sharaɗi, kuma ban taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba. Duk mai son canji ya zo wurina, ba wurin yarana ba. In ba gaggawa, ya jira Asabar. Ban iya rubutu ba, don haka da aka rushe bulon da ya toshe ƙofar na fito, na ɗauki gawayi na zana aikin da ya rage a bangon zaure: masai, ƙofofi, daɓe, yaɓen kicin, rijiya. Na ce kwanakin ba sa ɗaukar fiye da waɗannan ayyuka biyar. Mai son ƙara nasa ya goge ɗaya da hannunsa.

Uwargida ta daɗe tana kallon bangon. Kanti take so, amma ba ta iya goge kicin ba. Dattijon ya ɗaga sanda wajen masai, ƙaninsa ya ce, "Yaya, a ina za ka riƙa zagayawa in ka zo?" Ya sauke sandar. Ƙofar ta koma inda take, aka sa mata labule. Sun tare saura kwana biyu. Kanti sai bayan damina.

Abin da na koya shi ne wanda ake yi wa gini ba ya daina canza ra'ayi, kuma haƙƙinsa ne. Amma canji ya shigo ta baki ɗaya, kowa ya ji, kuma mai so ya san abin da zai bari a madadinsa. Shugaban da ke cewa to ga kowa, shi ake fara binnewa.

Yanzu gwiwa ta hana ni hawa gini. Ina zaune a unguwar Wambai, ina da ɗan wurin buga bulo. Ina barcin rana har yau, amma a waje, ƙarƙashin mangwaro.