Wule 'Yar Wule

A ma'aikatarsu ta Dutse babu mai kiran Amatullahi da sunanta na yanka. Adda kowa yake cewa, har darakta da ya girme ta nesa ba kusa ba, don a ce ko takarda ce ta ɓata, ko kwamfuta ta yi gardama, wajenta ake zuwa kamar yadda ƙanne ke zuwa wajen babbar yaya. Doguwa ce, siririya, ga tabarau, ga faɗa kaɗan-kaɗan. Tana zaune a Limawa da mijinta da 'ya'yansu, a gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa.

A ruga aka haife ta, can bayan Ringim, ita ce 'yar fari a wajen Malam Ahmadu. To wanda ya san Fulanin wajen ya san abin da wannan yake nufi. Ana yaye ta aka miƙa ta ga goggonta Safiyatu a cikin garin Ringim, can ta tashi, can aka sa ta a boko. Mahaifinta kuwa, saboda alkunyar ɗan fari, bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa duban tsabar idonta ba. In ta zo hutu ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina kwana," sai ya amsa wa iska, fuskarsa na wajen shanu, can kuma ya tuna akwai ɗan maraƙin da bai duba ba, ya miƙe. In yana da saƙo, ƙanenta Zailani yake faɗa wa, ita tana zaune a gefe: "Ka ce wa mutanen Ringim su tafi da man shanun nan." Da ta koma Dutse sai ta zama mutanen Dutse.

Kada wani ɗan birni ya taɓe baki ya ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma shi ma haka aka yi masa. Amma duk wanda ya ce abin ba shi da ciwo, wallahi bai taɓa zama ɗan fari ba. Adda ta girma, ta yi aure, ta haihu, abu ɗaya na cin ta a rai: tana so mahaifinta ya juyo ya yi mata magana, ita da kanta, ko sau ɗaya ne. Shi ya sa nata ɗan farin, Haisam, take rangaɗa masa suna tun daga tsakar gida har bakin titi, maƙwabta na jin kunya a madadinta.

Tana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano lokacin da aka yi jihar Jigawa. Tafireta a kan cinya ta shigo Dutse, ofis kuwa gidan haya ne, falon mutane aka cusa tebura. Shekaru tana buga takardu har yatsunta suka yi kanta. Can wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kawo kwamfuta ɗaya tal, aka lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya, kowa yana tsoron ya taɓa ta lalace a kansa. Wata Alheri, 'yar kudancin Kaduna da aka turo ta horar da su na ɗan lokaci, ita ta lura Adda ba ta jin tsoron na'urar. Kafin ta tafi ta zuba mata wani yaren kwamfuta da ake kira Perl, ta bar mata tarin takardun koyo, ta ce, "Duk aikin da kika ga kina maimaitawa har ya gundure ki, rubuta mata umarni ta yi miki."

Ai kuwa kamar jira take. Takardar gayyata da a da za ta buga wa mutum ɗaya-ɗaya, sai ta rubuta 'yan layuka, na'ura ta riƙa sauya suna da kanta tana tofo su. Sunayen ma'aikata da ke cakuɗe ta sa aka jera su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ba wai abin na tafiya sumul ba ne, ina! Alama ɗaya za ta manta a ƙarshen layi, na'ura ta ƙi motsi, Adda ta wuni tana harararta tana cewa, "Ke dai an yi marar mutunci." Shigowar shekara ta dubu biyu ma sai da ta sha dariya a ofis, don takardun ranar farko duk sun fito da shekarar 19100. Perl daga 1900 yake ƙirga shekara, ita kuwa tun farko sai ta liƙa 19 a gaban abin da ya ba ta maimakon ta tara shi da 1900. Ta gyara kafin azahar, amma har watan ya ƙare masinja yana gaishe ta da, "Adda, ya mutanen shekara ta dubu goma sha tara?"

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, gari ya ɗauki harama, kowa na zancen hijabi da motocin mata, sai ga Zailani a Limawa da fuska ba daɗi. Ya ce Baffa ya fara rikicewa. Wai ya tambaya ko Inna mahaifiyarsu ta dawo daga tallar nono, alhali ta daɗe da rasuwa. Ya tsaya a gaban wata saniya ya rasa ta waye.

Wannan na biyun shi ya fi tayar wa Zailani hankali, kuma da gaskiyarsa. Garken ba na mutum ɗaya ba ne. Kowane ɗa da jika an ba shi 'yar maraƙa ranar suna, duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, nasa ne. Ta wajen uwa ake bin saniya a san mai ita, kuma duk wannan salsala a kan Baffa kaɗai take.

"Zan zuba su a kwamfuta," in ji Adda. "Kowace saniya da uwarta. Ka faɗi sunanta kawai, na'ura ta bi ta har tushe."

Zailani ya yi murna. Ita kuwa ta san ba shanun ne suka dame ta ba. Dalili ta samu na zama kusa da tsohon kafin hankalinsa ya ƙarasa tafiya, don ta ga lokaci yana ƙure mata.

Ranar Asabar ta hau motar Ringim da 'yar rikoda da kaset. Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Zailani yana tambaya, Baffa yana amsa masa, ita tana bayansu riƙe da rikoda kamar ba ta wajen. Ko a cikin rikicewar, alkunyar ba ta rikice ba. Da rana ta yi zafi ya ce, "Zailani, a ba mutanen Dutse ruwa mana." Ta karɓi ruwan ta sha.

Ta dawo ofis, duk lokacin da aiki ya lafa sai ta kunna kaset ta shigar. Tsarin mai sauƙi ne: sunan saniya a nan, sunan uwarta a gabansa, sannan umarni cewa a nemi uwa, a nemi uwar uwa, a yi ta tafiya har a kai wadda ba a san uwarta ba, a tsaya. Ta gwada da wata saniya mai suna Saige, ya yi kyau. Ta gwada da Raneye, ya yi kyau. Ta buga Wule.

Allon ya cika. Wule, Wule, Wule, Wule, yana ta zubowa ba ƙaƙƙautawa har sai da ta kashe shi da hannu. Ta duba alamomi, ta duba baka-baka, ta zargi wutar da aka ɗauke da safe, ta zargi na'urar da tsufa, har ta zargi Alheri da ke can garinsu ba ta san ana yi ba. Sai da ta sake sauraron kaset ɗin a natse sannan ta dafe kai. A gidansu saniya sunan uwarta take gada. Wule 'yar Wule ce, jikar Wule. Makiyayi ba ya ruɗewa, don ya san kowacce da fuskarta da zamaninta. Na'ura kuwa suna kawai ta sani: ta tambayi uwar Wule, an ce mata Wule, ta koma ta sake tambaya, tana ta kewaya wuri ɗaya kamar akuya a turke. Ƙari a kan haka, duk Wulen da Adda ta shigar sai ta danne ta gabanta, saura guda ɗaya, ita ce uwar kanta.

Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta dariya. Ita da aka haifa a ruga, a ce wannan ya shige mata! Gyaran bai yi wuya ba. Ta ba kowace saniya lamba tata ita kaɗai, sunan ya zama ado, ta gwada da shanun ƙarya, umarnin ya bi su tiryan-tiryan ya tsaya inda ya kamata. Saura abu ɗaya: a cikin kaset Wule kawai ake ji, ba a san wacce ce ta haifi wacce ba. Ta aika wa Zailani, ya ce shi biyun ƙarshe kaɗai ya sani. Sauran sai Baffa.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar, ruwa ya yanke hanyar rugar, sai da kaka ta kusa sannan ta samu komawa. Daga wajen wani taron ofis ta wuce, da hijabinta ruwan toka da tabarau da fayil a hannu. Ta tarar Zailani ya kai shanu mashaya, matan gida suna can wajen sussuka. Baffa kaɗai ne a gindin tsamiya, ya rame, sandarsa a kan cinya. Ta yi sallama ta durƙusa nesa kaɗan, tana jiran ya kau da kai.

Bai kau da kai ba. Ya dube ta sosai, ido cikin ido, ya yi murmushi.

"Maraba, Malama. Daga asibitin dabbobi ne? Matso kan tabarma, kada ki zauna a ƙasa."

Bai gane ta ba. Ta matso, ta zauna inda ba ta taɓa zama ba, kusa har tana jin ƙanshin hayaƙi da nono a rigarsa. Ashe idanunsa ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, irin na Haisam.

"Baffa, a kan Wule na zo tambaya," ta ce. "Sun yi mini yawa, na kasa rabe su."

Ya yi dariya. "Ai ba sa kama. Ta farkon ita na gada wajen mahaifina, mai karyayyen ƙaho. Ta biyu ciwon bushiya ne ya kashe ta. Ta ukun kuwa…" Ya dakata, ya sunkuyo. "Ke ta asibiti ce, gara in faɗa miki gaskiya. Ta ukun nan da nake ta jan ta zuwa wajenku a Ringim, ina cewa ba ta cin ciyawa, lafiyarta ƙalau. Ba abin da ya taɓa samunta."

"To me ya sa kake kai ta?"

"Hanyar asibitinku ta bakin makarantar 'yan mata ta bi. Ina da yarinya a can, ta fari. Mutum ba ya tashi ya ce zai je ganin 'yar fari, ai sai a yi masa dariya. Amma saniya in ba ta da lafiya, dole a kai ta." Ya gyara sandarsa. "Sai in daidaita lokacin da ake sakin su hutun tara. In tsaya wai saniya ta gaji. Ga ta can, ta fi kowa tsawo, kullum tana faɗa da wata. Har malamin dabbobin ya gaji da ni, ya ce Ahmadu, saniyar nan ta fi ni lafiya."

Hawaye suka zubo mata ta ƙarƙashin tabarau, ba ta share ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu suka cika mata ƙirji. Ga abin da ta nema tun tana yarinya, an ba ta, amma da sunan wata. Kalmar tana bakinta: ni ce, Baffa. Ta kuma san sarai in ta faɗa, ya gane, to zai juya fuska wajen shanu, ya nemi ɗan maraƙin da zai duba, shi ke nan.

"Yanzu tana Dutse," ya ce. "An ce injin gwamnati take sarrafawa, wanda maza ma suke tsoro. Ko kin san ta?"

"Na san ta. Ofishinmu ɗaya." Ta gyara zama. "Amma muna da yawa a can, Baffa. Yaya sunanta?"

Tsohon ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tabbatar babu kowa. Sannan ya rage murya, ya faɗe shi a hankali, kamar mai ɗauko ƙwai daga cikin kwando.

"Amatullahi." Ya ƙara sunkuyowa. "Ni na zaɓa mata. Kada ki gaya mata na faɗa."

"Ba zan gaya mata ba."

Ta cire tabarau ta goge da gefen hijabi, ta mayar. Fayil ɗin yana gefe, ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ƙara matsowa kaɗan a kan tabarmar.

"To Baffa, ba ni labarinta. Tana ƙarama, yaya take?"