Kwalin da Baban Rakiya ya bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Baban Rakiya, kuma har yau fushina bai huce ba. Masu yi masa addu'a a Madekali suna cewa mutum ne mai haƙuri. Ni da na zauna da shi, taurin kai na sani.

Na tashi ina karanta littattafan soyayya na kasuwa, ina jiran mijin da zai rubuto mini wasiƙa. Sai Allah ya haɗa ni da mai tsohuwar mota, wadda ke kai albasa kasuwar Malanbil. Ta ci hanya har agogonta ya daina ƙirga. A daminarsa ta ƙarshe motar ta fara fidda farin hayaƙi, mai ya gauraye da ruwa kamar kunu. Makanise ya ce juwan kilas ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a kawo masa ya gama cikin kwana biyu. Baban Rakiya ya ƙi. Wai mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

A tsakar gidana ya buɗe ta. Ya ciro bulon goma, manyan ƙusoshin da ke ɗaure kan injin, ya soke su a kwalin sabulu, kowanne da lambarsa, don in ji shi daga tsakiya ake fara ɗaurewa, a bi gefe da gefe. Kan injin kuwa ya ƙi kai shi a goge da na'ura. Ya shimfiɗa takardar yashi kan madubin aurena yana gurzawa, mako uku. Na tuna masa cewa ita kaɗai ce mota a unguwarmu.

"Uwar Rakiya, gaggawa aikin shaiɗan ce," ya ce.

Da hantsi wata Talata kububuwa ta sare shi a gona. Motar da ta saba kai matan unguwa haihuwa tana zaune da baki buɗe. A kan babur aka ɗora shi, tsakanin maza biyu, cikin taɓo. Bai kai likita ba.

Da zai leƙo yau, ya ga samari suna koyon gyaran inji a waya, na san tsaki zai yi, ya ce ba su san ƙamshin mai ba. Da ya ga ƙanensa Sa'idu, wanda ya tsaya yana zuga shi wancan lokaci, yanzu yana kawo mini masu sayen tsohon ƙarfe, ban san wa zai fara zagi ba. Ni na riga shi. Na gaya wa Sa'idu motar ba za ta fita gidan nan a yanke ba, ko kaji sun gama ƙyanƙyasa a cikinta.

Mutane na cewa so ne. Su faɗi. Ina son in riƙa ganinta kullum ne don kada in yi saurin yafewa.

Me ya rage na Baban Rakiya? Rakiya ta yi aure, madubin ya dushe, ba ya nuna fuska. Sai kwalin, yana ƙasan akwatina. Ɗaya zuwa goma, da hannunsa. Ita ce wasiƙar da ya rubuta a gidan nan, kuma ba ni ya rubuta wa ba.