Kicin Ɗin Da Kika Hana Ni Shiga

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, ina kan tsani a wani shago a birnin Puebla, 'yarki Nayeli ta kira ni ta ce kin rasu. Ta same ki kwance a kicin, ƙasa jiƙe da ruwan wankin tumatir, hannunki kusa da ƙofar firji. Wuta ce ta ja ki. Shekararki sittin da uku.

Yaya Herminia, dangi sun ce in rubuta abin da za a karanta ranar cikar addu'ar kwana tara. Sun zaci yabo zan jero. Zan faɗi alherinki, domin yana da yawa, amma ki sani da fushi nake wannan rubutu.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Mama, ina ɗan shekara tara, ke kina sha bakwai. Kika bar makaranta, kika gaji turmin dutsenta. Da kuɗin salsarki, miyar yajin nan da kike sayarwa, na koyi aikin lantarki. Ki gasa tumatir da barkono a kasko har fatarsu ta yi baƙi, ki jefa tafarnuwa da ɓawonta, ki daka, ki ɗanɗana, ki harari duk wanda ya ce gishiri bai ji ba. Babu mai shago a kasuwar garinmu Atlixco da bai san kwalabenki masu jan murfi ba. Da matata Ofelia ta yi wata biyu a asibiti, kullum sai kin hau mota da kwanon abinci, kuma kullum sai kin gaya mini rigata ta yi datti. Ba ki taɓa miƙa wa mutum alheri ba tare da kin haɗa masa da tsawa ba.

Gidanmu kuwa kin san halinsa. Baba ne ya ja wayoyinsa da hannunsa shekara hamsin da suka wuce, irin masu rigar zare, ɓera ya ci rabinsu. Bara na kwaso kayan aikina na zo. Sati uku ina fasa bango, na gama ɗakunan kwana da falo da banɗaki, kina bi na da tsintsiya kina mitar ƙura. Da na iso kicin, sai kika tare ƙofa.

"Nan kam ba ka shiga, Eusebio."

"Yaya, nan ne ya fi ko'ina haɗari. Firjin nan yana jan mutum. Kwana biyar kawai nake so."

"Kwana biyar a tsakiyar kakar tumatir? Kai za ka kai wa masu shaguna salsa? Ina girki a ɗakin nan tun kana fitsarin kwance."

"Wayar da ke cikin bangon nan za ta kashe ki."

"Aikin Baba ne. Bai je makaranta ba, aikinsa ya shekara hamsin. Kai da takardarka, fitilar banɗaki har yanzu ƙyafta ido take yi."

A gaban Nayeli da maƙwabta kika faɗa, suka yi dariya. Na naɗe wayoyina na ce ki kira ni ranar da kika ji ƙauri. Wata goma sha ɗaya ba mu yi magana ba. Duk ƙarshen wata direban mota yakan kawo mini kwalba biyu, babu saƙo, babu gaisuwa. Na cinye su tas, ban ɗaga waya ba.

Sai a makabarta Nayeli ta gaya mini abin da ban sani ba. Don Tiburcio, wan marigayi mijinki, shi ya zauna a falonki ya ce miki ba don Allah nake gyaran ba, so nake gidan ya yi kyau in tilasta a sayar in karɓi rabona. Ya ce muddin kicin bai gyaru ba, babu mai saye.

Don Tiburcio, na gan ka a kujerar gaba a coci, ka fi kowa share hawaye, kana gaya wa mutane kwana ne ya ƙare. Kada ka sake miƙo mini hannu.

Amma shi baƙo ne a wurina, Yaya. Ke ce kika yarda. Ke da kika yi mini wanka, kika san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba, kika ɗauki maganar mutumin da ko ƙwan fitila bai taɓa canza miki ba, kika ƙi tambayata. Tambaya ɗaya. Da kin zage ni a kai, da na rama, da an wuce wurin. Kika zaɓi ki yi shiru ki ci gaba da buɗe firjin nan da tsumma a hannu.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na sha yanke wa mutanen da ban sani ba wuta daga mita idan na ga za ta halaka su, su yi ta zagina, in tafi. Naki aikin minti biyu ne. Ban yi ba, saboda an yi mini dariya a kan fitilar banɗaki.

Washegarin jana'iza na shiga kicin ɗin, babu mai tare ni. A bayan firji na sami wayar, tsirara, tsawon ɗan yatsana, tana taɓa ƙarfe. Kwana uku da rabi na yi na gama komai. Nayeli ta tsaya a ƙofa tana kallo, ni kuwa ban iya kallon fuskarta ba.

Nayeli, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Gidan naku ne, na sa hannu a takarda jiya, babu rabon da nake nema. Ta'aziyyata ga matan kasuwa da suka rufe rumfunansu suka raka Yaya, da maƙwabtan da suka ɗauki akwatinta.

Yaya Herminia, Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sada ki da Mama da Baba. Fada, limamin cocinmu, ya ce in yafe miki kafin a rufe addu'ar nan. Na gaya masa ina roƙon Allah ya yi miki gafara da zuciya ɗaya. Tawa kuwa ba ta zo ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya a kan kabarinki ba.

Ƙaninki,
Eusebio