Baƙo Mai Farar Riga a Gonar Albasata

Babur ɗaya, bijimai biyu, da sunan da na yi a kasuwar albasa ta Yelwa cewa ba a cutata a ciniki. Abin da na zuba ke nan a kan wata gona ta bakin tafki, wajen Ngaski, shekarar da aka ba mu jihar Kebbi. Da damina na gan ta, kore shar, na saya ko ragi ban nema ba. Rani na kamawa na kafa injin ban ruwa, sai ƙasa ta fara tofo wani farin abu kamar an barbaɗa kanwa. Dashen albasa ya ƙone a tsaye. Ranar na tuna da Kaka Ige.

Kaka Ige ita ta haifi Inna. Shinkafa take turarawa tana sayarwa, don haka ɓuntu ba ya yankewa a gidanmu. In an gama cin tuwo sai ta tara shi a tsakar gida, ta cusa garwashi, ya yi ta ci a hankali, hayaƙin na korar sauron gulbi. Mu jikoki mu kewaye ta. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin ruwa, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne!"

Ni ina da wata ɗabi'a. Nakan riga kowa kama wuri kusa da wuta, in ba da shi haya a kan ƙuli-ƙuli biyu, in koma baya in ci, barci ya kwashe ni. Farkon tatsuniyoyin Kaka duk na sani, ƙarshensu kuwa sai ɗai-ɗai.

"Ku dubi wannan mijin nawa," in ji ta. "Ko a jirgin Makka aka ba shi kujera sai ya sayar."

Wadda ta faɗo mini a rai ita ce ta Malam Kanwa. Wai baƙo ne mai farar riga ƙal, ya roƙi wata mata kwana ɗaya a gonarta. Ganin rigar ta ce ai babban mutum ne. Da gari ya waye ya shimfiɗa rigar a kan gonar kaf, dawa ta mutu, kuɓewa ta bi ta. Ta share shi, ya dawo. Ta yayyafa masa ruwa, ya shanye ya ƙara ƙiba. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ce mata, "Tsafta ce ciwonsa. Kawo masa maƙwabtan da ba zai iya zama da su ba." Ta kawo Kashin Shanu, ta kawo Ɓuntu. Nan Kaka takan toshe hanci ta maƙale murya: "Subhanallahi! Wa ya gayyato waɗannan ƙazamai?" Matar ta nufi murhu ɗauko baƙo na uku. Daidai nan na yi barci.

To, ga ni babba, gona na mutuwa. Na ce me ake ɗaukowa a murhu in ba toka ba? Na bi masu gidan burodi da masu tuwo na Yelwa, na tara amalanke huɗu na zuba. Gonar ta ƙara fari. Wanda ya sayar mini da ita ya biyo a kan babur ɗina, ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji. Siminti za a fara yi?"

Da na kai ƙara wurin yayata Tumba a Shanga, sai da ta riƙe ciki don dariya.

"Toka? In kanwa ta ƙare a gida, da ruwan me muke kaɗa miya? Ƙanensa ka kai masa ya taya shi hira!"

"To me matar ta ɗauko, Yaya?"

"Baƙin. Ɓuntun da aka kashe wa wuta kafin ya yi fari. Ba ka taɓa ganin Kaka na watsa wa wutar ruwa in ta gama ba? Ina za ka gani, kana can kana minshari da ƙuli a baki."

Ta ƙarasa mini. Kashin Shanu da Ɓuntu suka ruɓe, ƙasa ta saki jiki. Matar ta haƙa lambatu zuwa gulbi. Ruwan damina na sauka, Malam Kanwa ya tattare rigarsa ya bi lambatun a guje. Shi kuwa baƙin ya zauna gadi, don ba ya tsufa.

Haka na yi. Na ba Fulani harawa shanunsu suka kwana a gonar, na kwaso ɓuntu daga injin casa, rabi na turbuɗe, rabi na ƙona na kashe da ruwa yana baƙi, na fasa lambatu. Damina uku na jira kafin albasa ta yi kai. Wani malamin gona da ya damƙi ƙasar ya ce baƙin nan da na bar shi ya cinye da ya tashi sama hayaƙi, amma ga shi ƙasa ta ajiye shi tana riƙe laima da shi. Gaskiyarsa, har yau fartanya na tono shi.

Yanzu na gane Kaka ba nishaɗi kawai take ba mu ba. Aikin da take yi a ɗan lambunta na bayan ɗaki take faɗa mana, ta sa masa riga da murya don mu riƙe. Ni da nake taƙama da iya ciniki, farar riga ta cuce ni sau biyu.

Babur bai dawo ba, bijimai ma haka. A kasuwa har yau ana kirana Alhaji Toka, ina amsawa. Gona kuwa tana nan, baƙa, tana cika kwalekwale da albasa duk rani. Asarar da na fi ji ita ce shekara guda da na yi ina ciyar da ƙanen Malam Kanwa, a kan ƙuli-ƙuli biyu.